Ɗan Fari da Makirufo

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Baba ba ya kiran sunana, ba ya kallon fuskata, ba ya yi mini magana. Ba faɗa muka yi ba. Kunya ce irin ta mutanen da, ya gado ta daga Damaga, inda kakanninsa suka yi kiwo kafin su ajiye sanda su kama fartanya. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin Kaka, mahaifiyarsa, a Bakura, kuma a hannunta na yi wayo. Idan na zo hutu Talata Mafara, Baba na son in yi wani abu, sai ya dubi duk wanda ke kusa ya ce, "A hwaɗa ma wancan shi kawo ruwa." Ga ni tsaye, inuwata har tana taɓa ƙafarsa. Akwai ranar da wani bawan Allah ya tsaya tambayar hanyar tasha, Baba ya riƙe shi sai da ya gaya mini in ɗaure akuya, sannan ya nuna masa hanyar.

Mutane suna cewa tsananin so ne ke kawo haka. Na ji, na yarda. Amma ni abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na girma har gemu ya fara tsiro mini ina son in yi wa mutumin nan magana ya amsa mini, ni da kaina, ba ta bakin mai tambayar tasha ba.

To, a cikin duk sana'o'in duniya, sai na tashi na zaɓi karatun aikin rediyo, wato sana'ar sa mutane su yi maka magana.

Situdiyon makarantarmu wani ɗaki ne da aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Makirufo ɗaya gare mu, an sa masa safa ruwan toka wadda har muka gama ba a gano mai ita ba. In wuta ta ɗauke a tayar da janareta, sai duk labaran da muka karanta su fito kamar a gidan niƙa aka ɗauke su. Malamin da ke koya mana hira wani gajeren mutum ne mai ƙatuwar murya, ya taɓa aiki a wani gidan rediyo na babban birni, kuma bai taɓa barinmu mu manta da hakan ba. Yakan sa mu kwanta rigingine a ƙasa, ya ɗora mana bulo a ciki, wai mu koyi fitar da numfashi daga tumbi. Yana da 'yar ƙararrawa a kan tebur. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya ce "munka" ko "sunka", sai ka ji ƙililin, a sake daga farko. Ni ƙararrawar nan ta san ni fiye da kowa a ajin.

Dokokinsa na hira kuwa, har a mafarki nakan ji su. Ka dubi mutum cikin ido. Ka faɗi cikakken sunansa tun a farko. Kada ka durƙusa wa kowa, ku zauna kafaɗa da kafaɗa, in kuma ya fara kewaye-kewaye ka katse shi ba tare da ka ce gafara ba. Ina rubutawa ina gyaɗa kai, ban taɓa kawo wa raina a kan wa zan gwada su ba.

A zangon ƙarshe aka zo jarrabawar aiki. Kowa zai fita ya yi hira ta gaske da mutumin da ya san abin da ake magana a kai, ya kawo a saurara a aji. Wanda ya faɗi zai maimaita shekara. Malam ya cire hularsa, ya zuba 'yan takardu a ciki, kowa ya sa hannu. Wani ya ɗauko tsadar taki, wata ta ɗauko masu saƙar tabarma. Ni na buɗe tawa, sai na ga rabon ruwa a noman rani. A duk layin kanal ɗin da ya taso daga dam ta wajen Maradun ya biyo gonakinmu, mutum ɗaya ne manoma suka damƙa wa makullin ƙofar ruwa, kuma shi ne Baba.

Na ce ai ba shi kaɗai ke noma ba. Na ari rikodar makaranta na bi gonaki. Duk wanda na tsaya wurinsa, sai mu gaisa har ƙafata ta yi tsami, ya tambayi Kaka, ya tambayi karatu, ya tambayi zafi, in tambayi shinkafa da albasa da iyali. Da na fito da makirufo sai ya ja da baya ya ce, "Haba, ɗana, mu shiga gaban mai makulli? Tahi wurinai." Wani dattijo a Dosara, bai san ni ba, ya cika mini aljihu da albasa, ya ce akwai mutumin kirki a Talata Mafara da zai warware mini komai. Ya zauna ya kwatanta mini gidanmu tiryan-tiryan, har da bishiyar darbejiyar ƙofar gida.

Na koma wurin malam na ce a canja mini takarda. Ya tambayi dalili, na gaya masa.

"Mahaifinka?" Ya buga tebur har ƙararrawar ta yi ƙara da kanta. "Kai ka fi kowa sa'a a ajin nan! Wasu suna can suna bin ofisoshi, kai kuma gida za ka je ka ci tuwo ka yi hira."

Na ce, "Malam, ni ɗan fari ne. Ba ya yi mini magana."

"Me ka yi masa?"

"An haife ni ne kawai."

Malam ya ce makirufo ba shi da uba, in tashi in ba shi wuri.

Sai na nufi Bakura. Na tarar da Kaka tana gasa hoce, wainar dawa irin ta wajenmu, a bakin murhu. Tsakanina da ita wasa ne tun ina goye, ba ta kirana da komai sai angonta, wani lokaci ta ƙara da "na banza". Da na zayyana mata halin da nake ciki, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa.

"Kai za ka zauna ka titsiye ubanka da tambaya? Walle sai na ga wanga abu da idona." Ta ce za ta raka ni ta zama bakinmu, da sharaɗin ita za ta zauna gidan gaba a mota.

Muka sami Baba da hantsi a bakin ƙofar ruwa, makullin nan nasa na ƙarfe mai kama da sitiyari yana jingine a gefensa. Ya durƙusa ya gaida uwarsa. Ni ma na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa Kaka. Ɗaya daga cikin dokokin malam ke nan ta tafi. Na ɗaga ido in dube shi, wuyana ya ƙi, ta biyu ma ta bi ta. Na kunna rikoda, na jawo numfashi daga tumbi yadda bulo ya koya mini, na saki muryar rediyo.

"Jama'a masu sauraro, yau muna tare da..."

Nan na tsaya. Sunan yana cikin kaina, amma tun da nake ban taɓa furta shi ba, kuma harshena ya ce ba da shi ba. Na ƙarasa da cewa, "muna tare da wani bawan Allah."

Kaka ta ce, "Wane bawan Allah? Ubanka na!" Rikoda ta ɗauka tsaf.

Na daure na jefa tambayar farko. Na ce mene ne dalilin da ya sa ruwa ke isa wasu gonaki, wasu kuma shukarsu na bushewa. Baba ya zuba wa wata kunyar albasa ido kamar yau ya fara ganin albasa. Kaka ta gyara zama ta dube shi.

"Wai angona na tambaya, ka karya kumallo?"

"Na karya, Inna."

Na ce, "Kaka, ba haka na ce ba!"

"Taka ba ta da ladabi, na gyara ma ita."

Daga nan hira ta fita hannuna. Ta tambaye shi katangarta da ta faɗi tun damina, yaushe za a tayar. Ta tambaye shi dalilin da ya sa bai je gaisuwar rasuwa Maradun ba, ya ce hanyar ce yanzu ba a yin yamma a kanta, ta ce ai da safe ma rana na fitowa. Ina riƙe da makirufo ina kai shi bakin wannan in kai shi bakin wancan, gumi na bin bayana. Can da ta gaji da nata, ta ɗan tausaya mini ta miƙa wasu daga cikin tambayoyina, bayan ta wanke su ta shafa musu mai. Baba kuwa ya amsa da kyau. Ya yi bayanin taɓo da ciyawar da suka cushe kanal, da masu fasa gefensa su ja ruwa ba ranarsu ba, da yadda na ƙarshen layi kullum su ne da kuka.

Na ce shi ke nan, ai an koya mana yanka murya a kwamfuta. Na zauna na bi faifan na cire Kaka kaf, duk inda ta yi tari ko tsaki na share, na haɗa tambayata da amsarsa. Gaggawa ta sa ban saurare shi daga farko zuwa ƙarshe ba, na kai aji.

Malam ya kunna. Muryata ta fito, ƙasaitacciya, ta tambayi dalilin ƙarancin ruwa. Sai muryar Baba ta amsa a ladabce, "To, kin gani, Inna..." Na sake tambaya, Baba ya ce, "Allah shi ja kwananki, Inna, ai ke kin hi ni sani." Wani a baya ya faɗo daga benci. A tambayar ƙarshe kuwa, da na nemi ya faɗi mafita, Baba ya yi mini alkawarin zai tayar mini da katanga kafin ruwa ya sauka. Har yau in na haɗu da 'yan ajinmu, Inna suke kirana, wasunsu a gaban matata.

Malam kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce wasan kwaikwayo a wani sashen ake koyar da shi. Ya ba ni zuwa Laraba mai zuwa. "Muryarka, muryarsa, babu kowa a tsakani. In ba haka ba, mu haɗu baɗi."

Na gwada waya. Baba ya ɗauka, yana jin sallamata ya miƙa wa mai facin da ke gyara masa keke, na yi hira da mai faci. Na gwada laɓewa bayan zanar gidanmu lokacin da yake alwala, na toshe hanci, na shaƙe murya, na ce ni baƙo ne daga gidan rediyon Kaduna. Ya gama wanke ƙafarsa a natse, ya kira wata mai tallan nono da ke wucewa ya ce, "A hwaɗa ma wancan mura ta kama shi, shi sha citta."

Ranar nan raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma Bakura na sauke wa Kaka duk abin da ke cikina. Na ce wace irin al'ada ce wannan, mutum ya yi wa akuya magana, ya yi wa ɓarawon ruwa magana, ɗansa kuma ya zama dodo? Na ce shekarar da zan maimaita ba ita ta fi ƙona mini rai ba. Abin da ya fi ci mini rai, in yau aka ce ɗayanmu ya mutu, babu kalma ɗaya da zan ce tawa ce ya ba ni. Ina faɗa, bulo da tumbi duk sun tafi. Na jira ta tsokane ni, ba ta yi ba. Ta juya hocenta kawai ta ce in ci abinci.

Washegari ban gan ta ba sai bayan azahar. Ta dawo da ƙura a zane, ashe ita kaɗai ta shiga mota ta je ta sami Baba. Ba ta gaya mini abin da suka tattauna ba. Ta dai ce, "Yac ce ka iske shi gona ran Talata, in kowa ya tahi kasuwa. Kai ɗai, da abin ga naka."

Ranar Talata garinmu kan zube ne gaba ɗaya a kasuwa. Na bi gefen kanal babu kowa, sai balbelu da ƙarar ruwa. Daga nesa na hango wani farin abu a bakin ƙofar ruwa. Baba ne, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, da hula, a tsakiyar taɓo. Ya shimfiɗa buzu a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Na matsa zan zauna a kan buzun, sai ya yi gyaran murya irin wadda ke nufin kul. Na duba inda idonsa yake, na ga rikodar da ke hannuna yake kallo. Na ajiye ta a kan buzun a hankali, na kunna, ni kuma na zauna a ƙasa riƙe da makirufo.

Baba ya gyara rigarsa, ya dubi rikoda ya ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa."

Na yi tsuru-tsuru.

"Ƙaƙa hanya? Ƙaƙa gajiya?"

Ya tsaya yana jiran amsa. Na duba hagu, na duba dama, babu mai amsawa sai ni. Na jawo muryar rediyo na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ƙaƙa mutanen gida? Ƙaƙa zahin ga?"

Haka ya gaida rikodar nan gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa, har ya ba ta haƙurin rashin ruwan sha mai sanyi. Sannan, ba tare da na roƙa ba, ya faɗa mata sunansa da na mahaifinsa da aikinsa, ya sauke mini wannan nauyin. Ya ce, "To, baƙuwa, tambayi abin da ke tahe da ke."

Na tambaya, ya amsa. Na sake tambaya, ya sake amsawa. Babu Kaka, babu mai faci. Tambayar nan da aka ce ba ta da ladabi na jefa ta yadda take, ya ce wa rikoda lallai bakinta ya fi jikinta girma, sannan ya warware komai dalla-dalla. Da ya shiga labarin wata rigimar ruwa ta tun ina goye ya ƙi fitowa, na rufe ido na katse shi. Ya harari rikodar, harara mai kyau, ya dawo kan hanya. Wani daɗi na ratsa ni har tafin ƙafa. Faifan nan shi na kai ranar Laraba, kuma da shi na ci jarrabawa. Malam ya ce sauti ya fita, tambayoyi sun yi kaifi, sai dai bai gane wace baƙuwa ce ake ta yi wa sannu ba.

Da tambayoyina suka ƙare na yi godiya. Baba ya ce, "Baƙuwa, kin gama?"

"Na gama, ranka ya daɗe."

"To, ruhe kunnenki."

Na danna maɓalli. Ya sunkuyo ya duba da kyau, sai da ya tabbatar 'yar jar wutar ta mutu. Na fara sauke makirufo ina shirin naɗe waya, sai na ji ya sake cewa, "Baƙuwa."

Na mayar da makirufon bakinsa. Ban san dalili ba, hannuna ne ya yi.

"Wanga da yak kawo ki, kin hi ni ganinai. Shina cin abinci can makaranta? Na ga wuyanai ya yi tsawo."

Na nemi muryar rediyo na rasa. Wadda ta fito tawa ce, ta Bakura, siririya. Na ce, "Shina ci."

Ya gyaɗa wa rikoda kai. Har na ɗauka ya gama, sai ya ce, "Ran da anka yaye shi, ni nik kai shi Bakura bisa keke. Da za ni tahowa ya riƙe min riga, sai da Inna ta ɓamɓare hannunai. Na tsaya bakin gulbi na daɗe ban iya hawa keken ba. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba, ke ma don baƙuwa ta ke."

Ina kallon 'yar wutar da ta mutu, shi ma ita yake kallo, dukanmu mun san babu abin da take ɗauka. Kafaɗata ta ƙage, amma na kasa sauke hannuna.

"In kin koma, ki hwaɗa mai, shi yi aikinai da gaskiya. In Allah ya sa ya shiga rediyo, duk sa'ad da yay yi sallama, akwai mai amsa mai nan bakin kanal. Ki hwaɗa mai hakanan."

Na ce, "Ya ji."

"To, madalla," in ji Baba.

Wannan karon bai dubi rikodar ba. Ni ma bai dube ni ba, ruwa yake kallo. Ya miƙe, ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki makulli ya tafi buɗe wa na ƙarshen layi ruwansu.